Yadda ake mayar da ƙaramar monitar mota ta yi aiki da volt 5: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga masu saita dish, masu gyaran waya da rediyo a kasuwannin ƙauye, da masu shago ko garke da ke son sa ido a ƙofa da ƙaramar kyamara. Maganar duka a kan monitar nan ce ta ganin baya a mota, mai inci 3.5, 4.3 ko 5, wadda aka yi domin volt 12 amma ake so ta tashi da fawa bank ko cajar waya. Mun sa wa tambayoyin lamba saboda amsoshin suna komawa ga juna.

1. Wace monita ce wannan, kuma a ina ake samunta?

Ita ce wadda ake mannawa a gaban direba ya riƙa ganin bayansa idan zai yi ribas. Wayarta ta rabu gida uku: jan kai na wuta, sai ruwan ɗorawa da fari masu baki irin na tsohuwar bidiyo, wato AV. Mai inci 4.3 ta fi yawa. Ɗigon hotonta 480 ne a kwance, 272 a tsaye. Ya isa ka ga sandar sigina ta dikoda ko ka gane wanda ya tsaya a ƙofa, amma ƙananan rubutu sai da wahala. Ana samun sabuwa a Kano, a Sabon Gari da wajen masu kayan mota a Ƙofar Ruwa, ta hannu kuma wajen masu wayarin mota a Dutse, Haɗeja ko Gumel.

Farin kan nan yana ruɗar mutane da yawa. Ba na sauti ba ne, hanyar hoto ce ta biyu, kuma a yawancinsu duk lokacin da hoto ya shigo ta nan yakan ture na ruwan ɗorawa. Galibinsu ba su da lasifika sam, kuma ba sa karɓar HDMI.

2. An rubuta volt 12 a jikinta, ta yaya volt 5 zai ishe ta?

Saboda volt 12 ɗin a bakin ƙofa yake tsayawa. Da zarar wuta ta shiga fanel, wato allon kayan wuta da ke cikinta, akwai wani ɗan IC (ƙaramin baƙin abu mai ƙafafu) da kwayil (naɗaɗɗiyar wayar tagulla) da suke sauke ta zuwa volt 5 ko 3.3. Daga nan ne IC mai sarrafa hoto yake shan nasa, galibi 3.3 da abin da bai kai haka ba, wani ɗan kwayil daban kuma ya ɗaga wutar zuwa wajen volt 15 zuwa 25 domin fitilun da ke bayan gilashi. An sa 12 ne kawai domin abin da batirin mota yake bayarwa ke nan.

Gyaran da ake magana a kai shi ne a tsallake mai saukewar nan, a kai volt 5 kai tsaye inda shi yake zuba nasa. Sai dai fanel-fanel ɗin sun sha bamban ko da akwatinsu iri ɗaya ne, har waɗanda aka saya rana ɗaya a shago ɗaya. Saboda haka hoton gyaran wani da ka gani a Facebook ba hujja ba ne a kan taka. Mitar auna wuta ce hujja (duba tambaya ta 6).

3. Dole ne sai an buɗe ta?

A'a, kuma da yawan masu wannan tambaya ba sa bukatar gyaran. Idan kana da batirin sola ko na babur mai volt 12, ka bar ta yadda take. An yi ta ne ta jure volt 14 da ɗoriya da mota take bayarwa lokacin da inji ke aiki, don haka batirin sola da ke kan caji ba ya cutar da ita. Ka sa fiyus mai amfiya 1 a jan waya, shi ke nan.

Hanya ta biyu ita ce kebul mai ɗaga wutar USB zuwa 12, irin wanda ake sa wa na'urar intanet ta gida, ko ɗan fanel mai ɗaga wuta da ake kira MT3608. Idan MT3608 ne, ka saita shi da mita kafin ka haɗa monitar. Sukurun saitinsa yakan bukaci juyi goma zuwa ashirin ta hagu kafin lambar ta fara motsi, abin da ke sa wasu su jefar da shi suna zaton ya mutu. Aibin wannan hanya shi ne wutar tana hawa daga 5 zuwa 12 ta sake saukowa 5, kowane mataki kuma yana cin rabonsa, ga layi-layi da takan jawo a hoto. Ga mai hawa rufin kwano da monita a aljihu, gyaran ciki ya fi. Ga wanda bai saba riƙe ayan ɗin narka dalma ba, kebul ɗin ya fi masa alheri.

4. Yaya zan gwada ta da volt 5 kafin in kwance ko sukuru ɗaya?

Yanke tsohon kebul ɗin USB. Ja shi ne fozitif, baƙi nagatif, fari da kore na bayanai ne, ka naɗe kowanne daban da salatif. Tabbatar da mita, domin kebul mai araha ba ya bin ƙa'idar launi kullum. A jan kan monitar, tsakiya ne fozitif, gefe nagatif.

Kafin ka ba ta wuta, ka fara haɗa mata hoto daga dikoda ko DVD da ke kunne. Yawancin monitocin nan ba sa kunna fitilarsu idan babu sigina; za ka ga gilashi baƙi ƙirin ka ce ba ta tashi ba, alhali jiran hoto take. Idan hoto ya fito tas kuma ya zauna na minti goma ba ƙiftawa, taka tana cikin masu karɓar 5 tun daga masana'anta, aiki ya ƙare. Idan tana ƙiftawa, ko ta yi haske ta mutu, ko shiru, sai a wuce gaba.

5. Waɗanne kaya ake bukata?

Mita mai auna DC, ayan ɗin narka dalma mai siririn baki da bai wuce wat 30 zuwa 40 ba, siririyar dalma da man liƙi, ƙaramin sukundireba, hantsaki, madubin ƙara girma, kebul ɗin USB mai kauri, kafasita mai 470 ko 1000 µF ta volt 10 ko 16, da batiri mai 12 domin awo. Duk mai gyaran waya yana da kusan dukkansu a tebur. Inda babu wuta, ayan mai aiki da batirin 12 ya wadatar. Wanda ake gasawa a garwashi kam bai dace da wannan aiki ba, yana ɗaye layin tagulla daga fanel.

A lokacin hunturu, iska ta bushe har riga tana tartsatsi a jiki. Wannan tartsatsin yana iya kashe IC ɗin hoto. Ka taɓa ƙarfen ƙofa ko wani ƙarfe da ke kafe a ƙasa kafin ka taɓa fanel, kada kuma ka yi aikin a kan tabarmar roba ko leda.

6. Na buɗe. Ta yaya zan gane wurin da wutar ke sauka?

Da farko ka lura da faffaɗar wayar nan mai kama da leda da ta haɗa gilashi da fanel, mai ƙafa 40 a yawancin masu inci 4.3. Kada ka ja ta, kada ka lanƙwasa ta, kada ayan ya kusance ta. Sannan ka bi jan waya da ido daga inda aka liƙa shi. Yawanci za ka tarar da dayod guda a kan hanya, mai hana ɓarna idan an juya waya, sai kafasita mai rubutun 25V ko 35V, sai IC mai ƙafa takwas, sai kwayil babba mai lamba kamar 330, 470 ko 101, sai wata kafasita mai 10V ko 16V. Wannan ta ƙarshen ita muke nema.

IC ɗin da aka fi gani shi ne XL1509. Akwai ɗan ɗigo a kusurwarsa, ƙafar da ke wajen ɗigon ita ce ta 1. Ta 1 shigar wuta, ta 2 fita zuwa kwayil, ta 3 mai sa ido a kan abin da ya fita, ta 4 kunnawa da kashewa, 5 zuwa 8 duk nagatif ne. Bayan lambar akan rubuta 5.0, ko 3.3, ko ADJ. Na ƙarshen ba ya gaya maka komai, rizisto biyu ne a gefensa suke yanke abin da zai fitar.

Ko me aka rubuta, ka auna. Ba ta 12, haɗa hoto, ɗora baƙin tsinken mita inda baƙin waya ya shiga, jan tsinken kuma a ƙafar fozitif ta kafasitar da ke bayan kwayil. Idan ka ga tsakanin 4.9 da 5.2, tafi ta 7. Idan 3.3 ne, tafi ta 9. Idan ka ga wajen 20, kwayil ɗin fitila ka taɓa, nemi ɗayan. Ka kuma auna daidai inda jan waya ya shiga fanel: wasu monitocin mai saukewarsu yana cikin ƙullin nan da ke tsakiyar kebul, sai ka ga 5 ne ma yake isowa ciki. Irin wannan ba a taɓa fanel ɗinta, ƙullin ake yankewa a haɗa USB a gurbinsa. A yi hattara da tsinken mita, idan ya zame ya haɗa ƙafa ta 1 da ta 2, ka aika 12 cikin gida da hannunka.

7. Na samu volt 5. A ina zan liƙa waya?

Cire batiri. Narke jan waya daga mazauninsa na asali, ka fere bakinsa kamar milimita 2, ka shafa masa dalma, ka liƙa shi a ƙafar fozitif ta kafasitar da ka auna, ko a ƙafar kwayil da ke ɓangarenta. Baƙin waya yana nan inda yake. Kada ayan ya wuce daƙiƙa uku a wuri ɗaya. Wasu suna liƙawa a ƙafa ta 2 ta XL1509, kuma yana yi, tunda wutar DC tana ratsa kwayil ba tare da cikas ba. Amma tazarar ƙafafun milimita 1.27 ce kacal, dalma tana saurin haɗe su, ga ƙafar kafasita da faɗi tana jiranka.

Kafin ka ba ta wuta, mayar da mita wajen ƙara ka auna tsakanin ja da baƙi. Ɗan ƙara na ƙiftawar ido ba komai, kafasita ce take cika. Idan ƙarar ta ɗore, akwai inda dalma ta haɗe. Idan lafiya, haɗa hoto, sa fawa bank, ka bar ta minti goma sha biyar kana ɗora yatsa a kan IC-IC ɗin. Ɗumi ba laifi, zafin da yatsa ba zai jure ba kuwa laifi ne.

Daga nan ka ɗiga gam a kan wayar kusa da liƙin don kada jijjiga ta tsinke shi, ka yanke jan kan 12 ɗin nan gaba ɗaya ka maye shi da kan USB. Dalilin yankewar yana ta 15.

8. Sai na cire tsohon IC ɗin?

A mafi yawan fanel ba dole ba ne, zaune kawai yake ba ya aikin komai. Idan ka ji yana zafi, ko kana son aiki mai tsabta, cire kwayil ya fi cire IC sauƙi: ƙafa biyu ne manya, kuma cire shi yana raba tsohon ɓangaren da sabon gaba ɗaya. Sai ka liƙa wayarka a gurbin da ke ɓangaren kafasita.

Barin su yana da ɗan amfani guda. Akwai dayod tsakanin ƙafa ta 2 da nagatif, mai lamba irin SS14 ko SS34. Idan wata rana aka juya ja da baƙi, shi ne zai kwashe wutar har fawa bank ya katse kansa. Ba kariya ce da za a dogara da ita ba, amma ta fi babu.

9. Volt 3.3 na gani, ba 5 ba. Yaya ke nan?

Kada ka kai 5 wurin, IC ɗin hoto zai ƙone nan take. Irin wannan fanel sau da yawa abin da ke hana shi tashi da USB shi ne dayod ɗin bakin ƙofa, wanda yake cinye volt 0.3 zuwa 0.7. XL1509 mai 3.3 yana bukatar kimanin 4.75 a ƙafarsa ta 1, mai 5.0 kuma wajen 7. To idan 5 ya shigo, kebul ya ci nasa, dayod ya ci nasa, abin da ya rage bai isa ba. Ka ɗora guntun waya a kan dayod ɗin ka tsallake shi, ka sake gwajin da ke ta 4 da gajeren kebul mai kauri.

Idan bai yi ba, sami ɗan fanel mai saukewa irin MP1584, saita shi a 3.3 da mita tukuna, cire kwayil ɗin monitar kamar yadda aka faɗa a ta 8, ka kai 3.3 ɗin ƙafar kafasita. Ɗan IC mai saukewa AMS1117-3.3 ma zai iya, amma duk rarar wutar zafi yake mayar da ita. A cikin rufaffen akwati a watan Afrilu, ba ma ba da shawararsa.

10. Na gama, ana ganin hoto dishi-dishi idan an haska tocila, amma gilashin ba haske.

Fanel ɗinka yana cikin waɗanda fitilarsu take ɗaukar wuta daga layin 12 kai tsaye, ka kuwa raba wannan layi da wuta. Ja guntun waya daga sabon wurin 5 zuwa ƙafar fozitif ta kafasitar farko mai 25V ko 35V. Yawanci hasken yakan dawo, ko da bai kai na da ba. Idan ya dawo yana rawa, ɓangaren fitilar ba zai iya ɗagawa daga 5 ba. Ka mayar da monitar yadda take ka bi hanyar kebul da ke ta 3.

11. Wuta nawa take ci, kuma awa nawa fawa bank zai riƙe ta?

Mai inci 4.3 takan ci wajen wat 1.5 zuwa 2.5. A kan 12 wannan miliamfiya 125 zuwa 210 ne, amma a kan 5 yakan kai 300 zuwa 500, tunda idan volt ya ragu amfiya ne ke ƙaruwa. Fawa bank mai 10,000mAh, idan rubutun gaskiya ne, yana ɗauke da wat-awa 37, domin lissafin a kan volt 3.7 na ƙwayar batirin ake yin sa. Cire asarar ɗagawa zuwa 5, ya rage kamar 30. Raba da wat 2, ka samu wajen awa 15. Na bakin titi mai rubutun 30,000 da nauyinsa bai kai na wayar hannu ba, ka raba lissafin biyu ko uku. Rage haske a maɓallin menu yana ƙara lokaci a wasu monitocin, a wasu kuwa launin hoton kawai yake dusashewa, fitilar tana ci yadda take ci.

12. Me ya sa fawa bank yake kashe kansa?

An yi shi ne ya ɗauka waya ta cika idan abin da ake ja ya yi ƙasa sosai, galibi ƙasa da miliamfiya 50 zuwa 100, sai ya katse bayan 'yan daƙiƙu. Monitar kuwa idan sigina ta ɗauke tana kashe fitila, cinta ya faɗi. Saboda haka ka fara kunna dikoda ko kyamara, sannan monita. Idan kana so ya zauna ko babu hoto, liƙa rizisto mai om 47, wat 1, tsakanin ja da baƙi. Zai riƙa jan kimanin 100, ka san kuma kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na cajinka a nan zai tafi.

Idan kan USB-C ka sa mata kuma kebul ɗin C ne ta kowane ɓangare, wuta ba za ta fito ba sai an sa rizisto mai 5.1k daga ƙafar kan da ake kira CC1 zuwa nagatif, wani kuma daga CC2. Faffaɗan kan USB na da ba shi da wannan rigima.

13. Hoto yana layi-layi, ko ƙiftawa, ko gilashi ya yi fari fat.

Ƙiftawa da mutuwa-da-tashi kusan kullum kebul ne. Auna a kan fanel lokacin da take aiki, ba a bakin fawa bank ba. AMS1117 da ke cikin fanel, mai sauke 5 zuwa 3.3, yana son rarar volt 1.1 zuwa 1.3 a kan 3.3 ɗinsa, don haka da zarar abin da ke isowa ya sauka ƙasa da 4.5 sai rikici. Siririn kebul mai tsawon mita biyu shi kaɗai yana iya cinye rabin volt. Gajarta shi, ko ka ɗauki wayar lasifika mai kauri.

Layukan da ke tafiya sama ko ƙasa daga caja mai araha ko mai ɗaga wuta suke zuwa. Liƙa kafasitar nan mai 470 ko 1000 µF daidai inda wuta ta shiga, ɓangaren da ke da farin zane a nagatif. Ka kuma raba wayar hoto da ta wuta, kada a murɗe su tare. Fari fat ba hoto kuwa faffaɗar wayar gilashi ce ta goce lokacin aiki: cire wuta, ɗaga maƙallinta da farce, share ƙura, mayar da ita a miƙe har ƙarshe, ka danne.

14. Zan iya sa mata batirin fitila mai volt 6, ko na waya, ko farantin sola kai tsaye?

Batirin 6 na fanka ko fitila idan ya cika yana kai 6.3 zuwa 6.4, a kan caji kuma ya haura 7. Ya yi wa layin 5 yawa. IC ɗin 7805 mai saukewa zuwa 5 ba zai taimaka ba, shi kansa sai ya samu wajen 7. Dayod 1N4007 guda biyu a jere suna sauke shi zuwa kusan 4.9, dabara ce ta wucin gadi: batirin yana ɗan sauka monitar za ta fara ƙiftawa, kuma ba a haɗa ta ana caji.

Batirin waya ko 18650 na tsohuwar kwamfuta 4.2 ne a cike, 3.7 a tsakiya, bai kai abin da aka faɗa a ta 13 ba. Sa masa MT3608 da aka saita a 5.1, da ɗan fanel ɗin TP4056 mai kariya domin caji. Farantin sola kuma ba a haɗa shi kai tsaye: wanda ake kira na 12 yana kai 18 zuwa 22 da tsakar rana idan ba kaya a kansa. Ƙananan akwatunan sola masu bakin USB suna yi, amma ka auna bakin da rana tsaka kafin ka yarda da shi.

Kyamarar ribas da dikoda lissafinsu daban. Kyamarar ma tana da mai saukewa, sau da yawa a ƙullin kebul, kuma da yawansu 3.3 suke sha, don haka awon ta 6 ya hau kanta. Dikodar dish tana aika volt 13 ko 18 zuwa LNB, wato kan da ke gaban dish, cinta ya ninka na monita, a bar ta a kan wutarta. Kyamarar tsaro ta AHD kuma sai an juya ta zuwa CVBS, wato siginar AV, kafin wannan monita ta nuna ta.

15. Yaron shago ya manta ya sa mata batirin 12 bayan gyara. Ta mutu ke nan?

Sau da yawa e. Wannan ne ya sa muka ce a yanke tsohon jan kan, a kuma rubuta "5V KAWAI" da fenti a bayanta, domin monita takan zaga hannu da yawa ranar kasuwa. Mai son ƙarin kariya ya sa fiyus mai amfiya 1 a jan waya, da dayod ɗin zena mai volt 5.6 irin 1N4734A tsakanin ja da baƙi a bayansa, zanensa yana fuskantar fozitif. Idan 12 ya shigo, zena ɗin yakan haɗe ya tsinka fiyus, kaya biyu masu araha su tafi a maimakon fanel.

Idan abin ya riga ya faru, duba kafasita mai 10V ko ta kumbura, ka canza ta. Sai ka auna tsakanin fitar AMS1117 da nagatif. Idan babu haɗewa, canza AMS1117 ɗin ka gwada da 5, akwai fata. Idan akwai haɗewa kuma ta ci gaba bayan ka cire shi, IC ɗin hoto ne ya tafi, gyaransa ya fi kuɗin wata monitar. Ka ajiye gilashin da kebul, domin gilashi mai ƙafa 40 yakan hau wani fanel mai inci 4.3 da nasa ya fashe.